Bass Reeves (1838–1910): Bawan da Ya Zama Ɗan Doka

Gabatarwa

A ƙarni na 19, yammacin Amurka wuri ne da hukuma ba ta gama kafuwa ba. Ɓarayin dawaki da 'yan fashi da masu kisan kai sun mayar da dazuzzukan yankin mafaka. Ɗaya daga cikin mutanen da suka yi fice wajen farautar irin waɗannan miyagu shi ne Bass Reeves, baƙar fata wanda aka haifa cikin ƙangin bauta.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Bass Reeves a shekarar 1838 a jihar Arkansas. Shi da danginsa bayi ne na wani Bature mai suna William Steele Reeves, kuma daga gare shi ya samo sunansa na biyu, kamar yadda al'adar bautar ƙasar ta tanada. Yana yaro aka koma da su jihar Texas, inda ya tashi yana yi wa ɗan ubangidansa, George Reeves, hidima. A lokacin Yaƙin Basasar Amurka (1861–1865) ya gudu zuwa Yankin Indiyawa, wato ƙasar da gwamnati ta tsugunar da ƙabilun asali bayan ta kore su daga gabas. A nan ya zauna cikin ƙabilun Cherokee da Creek da Seminole, ya koyi harsunansu, ya kuma san hanyoyi da mafakar dajin. Da aka haramta bauta a 1865, sai ya koma Arkansas ya kama noma a kusa da garin Van Buren tare da iyalinsa.

Shigarsa Aikin Doka

Matsalar Yankin Indiyawa ita ce, kotunan ƙabilun ba su da hurumin hukunta wanda ba ɗan ƙabila ba. Saboda haka duk wanda ya yi ta'asa a jihohin maƙwabta sai ya tsallaka can ya ɓuya. Kotun tarayya da ke Fort Smith ce ke da ikon shari'ar irin waɗannan mutane. A 1875 aka naɗa Isaac Parker alƙalin wannan kotu, aka kuma ba da umarnin ɗaukar 'yan doka 200 masu muƙamin mataimakin mashal. Sanin ƙasa da jin harsuna su suka sa aka ɗauki Reeves, ya zama ɗaya daga cikin baƙaƙen fata na farko da suka riƙe wannan muƙami a yammacin Kogin Misisipi.

Aikin ba na rago ba ne. Ɗan doka yakan fita da keken doki da mai dafa abinci da mai gadi, ya yi makonni ko watanni a daji kafin ya dawo da waɗanda ya kama a ɗaure. Ba shi da albashi tsayayye. Ana biyansa ne gwargwadon kamen da ya yi da nisan tafiyarsa. Masu tarihinsa sun bayyana cewa Reeves bai samu damar koyon karatu ba, don haka sai a karanta masa takardun sammaci ya haddace sunaye da laifuffuka. Haka kuma ya shahara da ɓad da kama, yakan shiga tufafin manomi ko matafiyi don ya kusanci wanda yake nema. A shekaru 32 da ya yi yana wannan aiki, an ruwaito cewa ya kama mutane fiye da 3,000, ya kuma harbe 14 har lahira a wajen artabu.

Jarrabawar da Ya Fuskanta

Sau biyu doka ta shigo masa har gida. A 1884 ya harbi mai dafa masa abinci, William Leach, wanda ya mutu. Reeves ya ce kuskure ne, amma aka gurfanar da shi a gaban Alƙali Parker bisa tuhumar kisan kai. An wanke shi a 1887, sai dai shari'ar ta cinye dukiyar da ya tara.

Ta biyu ta fi ɗaci. A 1902 ɗansa Bennie ya kashe matarsa. Reeves ya karɓi takardar sammacin, ya kamo ɗan cikinsa ya miƙa wa kotu. An yanke wa Bennie ɗaurin rai da rai a kurkukun Leavenworth, ko da yake an sake shi bayan shekaru 11.

Ƙarshen Rayuwarsa

A 1907 yankin ya zama ɓangaren sabuwar jihar Oklahoma, aikin tsaro ya koma hannun hukumomin jiha. Abin takaici, cikin dokokin farko da majalisar jihar ta kafa har da ta raba baƙi da farare a jirgin ƙasa. Reeves ya shiga aikin ɗan sanda a garin Muskogee, ya yi kamar shekara biyu kafin ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Ya rasu ranar 12 ga Janairu, 1910.

Kammalawa

An daɗe ba a ambaton Reeves a littattafai da finafinan da suka ɗaukaka 'yan bindigar yammacin Amurka. Sai a 2012 aka kafa mutum-mutuminsa a Fort Smith. Tarihinsa na nuna cewa ana auna adalcin mai riƙe da doka ne a ranar da ta biyo ta kan nasa.