Ruth First: 'Yar Jaridar Da Gwamnatin Ƙasarta Ta Aika Wa Ajali A Cikin Wasiƙa

Ranar 17 ga Agusta 1982, Ruth First tana ofishinta a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Eduardo Mondlane da ke Maputo, babban birnin Mozambik, tana buɗe wasiƙun da aka ajiye mata. Ɗaya daga cikinsu ta tashi a hannunta. Nan take ta mutu, tana da shekara 57. Shugaban cibiyar, Aquino de Bragança, da Pallo Jordan na jam'iyyar ANC, waɗanda ke cikin ɗakin, sun ji rauni amma sun rayu. Bam ɗin, 'yan sandan ciki na ƙasarta ta haihuwa, Afirka ta Kudu, su ne suka haɗa shi.

An haife ta a Johannesburg ranar 4 ga Mayu 1925. Iyayenta Yahudawa ne da suka yi hijira daga gabashin Turai, kuma suna cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Kwaminis ta Afirka ta Kudu. Ta yi karatu a Jami'ar Witwatersrand zamani ɗaya da Nelson Mandela, ta kammala a 1946, ta shiga aikin jarida a The Guardian, mako-makon masu adawa da mulkin wariyar launin fata.

Aikin da ya fara fito da sunanta shi ne binciken gonakin dankali na Bethal a 1947. Tare da limamin coci Michael Scott da wani jagoran ma'aikatan gona, Gert Sibande, ta shiga gonakin Turawa ta ga yadda ake kulle baƙaƙen fata da dare, da safe a kora su gona da bulala. Ta rubuta abin da idonta ya gani, kuma shekara da shekaru ba ta saki batun ba, har aka kai ga ƙaurace wa cin dankali a 1959. Gwamnati ta sha haramta jaridar, masu ita kuma suna sauya mata suna su ci gaba da bugawa. A 1949 ta auri lauya Joe Slovo, suka haifi 'ya'ya mata uku.

Hukuma ta taɓa gwada ta a kotu. Tana cikin mutum 156 da aka kama a 1956 bisa zargin cin amanar ƙasa, shari'ar da ta ƙare ba a samu ko mutum ɗaya da laifi ba. Daga nan gwamnati ta koma neman hanyar da ba ta bi ta gaban alƙali. A 1963 aka yi dokar da ta bai wa 'yan sanda ikon tsare mutum kwana 90 ba tuhuma, ba lauya. A watan Agusta na shekarar aka kama ta a ɗakin karatu na jami'a. Da kwana 90 suka cika aka sake ta, tana fitowa bakin titi aka sake kama ta. Kwana 117 ta yi ita kaɗai a ɗaki, har ta kai ga yunƙurin kashe kanta don tsoron kada wani abu da ta furta ya cutar da abokan gwagwarmayarta. Littafinta 117 Days labarin wannan tsarewar ne.

A 1964 ta bar ƙasar zuwa Landan. A shekarun gudun hijira ta zama masaniyar siyasar Afirka. Littafinta The Barrel of a Gun na 1970 ya bi diddigin juyin mulkin soja a Sudan da Ghana da Najeriya, har da na 1966 da ya ci rayukan Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Ta koyar a Jami'ar Durham ta Ingila, sannan a 1977 ta koma Maputo a matsayin daraktar bincike, inda ita da ɗalibanta suka nazarci rayuwar 'yan Mozambik masu zuwa haƙar zinariya a Afirka ta Kudu.

Ba a ɓoye yake ba cewa 'yar ANC ce kuma 'yar Kwaminis, mijinta kuwa yana cikin manyan kwamandojin Umkhonto we Sizwe, reshen ANC mai ɗauke da makami, wanda ya kai hari kan matatar mai ta Sasol a 1980. A idon Pretoria duk wanda ke wannan gida ɗan ta'adda ne. Sai dai ko dokar wariya, duk da muninta, ba ta halatta wa ɗan sanda kashe wanda ake zargi ba. Ƙasar tana da Dokar Ta'addanci ta 1967, tana da kotuna, tana da igiyar rataya. Solomon Mahlangu, matashin mayaƙin ANC, sai da aka yi masa shari'a kafin a rataye shi a 1979, komai rashin adalcin shari'ar. Ruth First ko takardar tuhuma ba a rubuta mata ba. An yanke mata hukunci ne a wani ofishi, kuma gwamnati ba ta amsa cewa aikinta ba ne.

Gaskiya ta fito ne bayan faɗuwar mulkin wariya. Craig Williamson, jami'in leƙen asirin da ya taɓa shiga rigar ɗan gwagwarmaya ya yaudari masu adawa da gwamnati a Turai, ya nemi afuwa a gaban Hukumar Gaskiya da Sasantawa, shi da Roger Raven wanda ya haɗa bam ɗin. A zaman 1998 Williamson ya shaida cewa umarni ya samu daga Birgediya Piet Goosen, mutumin da Steve Biko ke hannun sashensa lokacin da aka yi masa dukan da ya kashe shi a 1977. Goosen ya riga ya mutu, ba mai tambayarsa. Williamson ya kuma nuna cewa a wurinsu babu bambanci ko Slovo ne ya buɗe wasiƙar ko matarsa.

A nan hujjar tsaron ƙasa ta fi rauni. Wanda ya saka bam a ambulan ya aika ta gidan waya ba shi da iko a kan hannun da zai buɗe ta; yana iya zama sakatare, ko ɗalibi, ko yaro. Haka kuwa aka yi a 1984, lokacin da wani bam ɗin wasiƙa daga wannan sashen ya isa garin Lubango a Angola ya kashe Jeanette Schoon da 'yarta Katryn mai shekara shida.

Lauya George Bizos, wanda ya tsaya wa 'ya'yan Ruth First, ya ƙalubalanci neman afuwar. Matsayinsu shi ne masu neman ba su faɗi dukkan gaskiya ba, kuma malamar jami'a da makaminta alƙalami ne ba abar hari ba ce ko a yaƙi. Dokar hukumar ta 1995 ta gindaya sharaɗin cikakken bayani, da manufar siyasa, da daidaito tsakanin aikin da manufar. A shekarar 2000 kwamitin afuwa ya yanke cewa Williamson da Raven sun cika sharuɗɗan, a kisan Maputo da na Lubango duka, wanda ke nufin ba za a gurfanar da su ba, iyalan kuma ba za su iya neman diyya a hannunsu ba. Kabarinta yana maƙabartar Lhanguene a Maputo, kusa da na 'yan ANC da sojojin Afirka ta Kudu suka kashe a harin Matola na Janairu 1981.