Kwame Nkrumah: fursunan da ya ci zaɓe daga gidan kaso

A ranar 8 ga Fabrairun 1951, mutanen Accra sun jefa ƙuri'a ga ɗan takarar da bai halarci ko taron gangami ɗaya ba. Kwame Nkrumah yana tsare a gidan kason James Fort, inda kotun Turawan mulkin mallaka ta yanke masa shekara uku. Da aka ƙirga, ya samu ƙuri'a 22,780 daga cikin 23,122. Bayan kwana huɗu aka buɗe masa ƙofa.

An haifi Nkrumah a 1909 a ƙauyen Nkroful, kudu maso yammacin ƙasar da a lokacin ake kira Gold Coast. Ya yi karatu a Achimota, ya koyar na ɗan lokaci, sannan ya tafi Amurka a 1935, ya wuce Ingila a 1945. A ƙarshen 1947 lauya J. B. Danquah da abokansa suka kira shi gida ya zama sakataren jam'iyyar UGCC. Bayan tarzomar Accra ta Fabrairun 1948, Turawa sun tsare su tare, su shida.

Tafiyar ba ta yi nisa ba. Dattawan UGCC suna son bin hanya sannu a hankali, shi kuwa yana neman mulkin kai nan take. A Yunin 1949 ya kafa jam'iyyar CPP, a Janairun 1950 kuma ya kira yajin aiki da ƙaurace wa kayan Turawa. Aka gurfanar da shi bisa laifin tunzura jama'a da ingiza yajin aikin da doka ba ta yarda da shi ba.

Gwamnati ta zaci hukuncin zai karya jam'iyyar, ashe talla ta yi mata. Komla Gbedemah, wanda ya riga shi fitowa daga kaso, ya riƙe ragamar yaƙin neman zaɓe, Nkrumah yana aiko da umarni a ɓoye a rubuce kan takardar bayan gida. Duk ɗan CPP da ya gama wa'adinsa sai ya sa hula mai haruffan PG, alamar ya sauke karatu a kurkuku, jama'a na yi masa tarba. Talakawa ba su ɗauki hukuncin a matsayin abin kunya ba, domin ba su yarda da mai dokar ba. CPP ta lashe kujeru 34 cikin 38 da aka yi takara a kansu. Gwamna Charles Arden-Clarke ya ga ba makawa: ya saki fursunan, ya ba shi jagorancin harkokin gwamnati. Nkrumah ya zama firaminista a 1952, ya kai Ghana ga 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957.

Wanda ya san amfanin da kaso ya yi masa bai bar abokan hamayyarsa su ci irin wannan riba ba. Mutanen zango na cikin waɗanda suka fara ɗanɗanawa. A 1957 gwamnati ta ba da umarnin korar Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zongon Kumasi, da Alhaji Othman Larden, jiga-jigan jam'iyyar musulmi ta MAP mai adawa da CPP. Sun garzaya kotu suna cewa su 'yan Ghana ne. Kafin alƙali ya yanke hukunci, majalisa ta yi doka ta musamman da sunansu, aka tasa ƙeyarsu zuwa Najeriya. Kafin shekarar ta ƙare aka haramta jam'iyyun addini da na yanki.

A 1958 aka kafa dokar da ta ba gwamnati ikon tsare mutum har shekara biyar ba tare da shari'a ba. Magoya bayan Nkrumah sun kafa hujja da rikicin siyasar Kumasi da kuma yunƙurin hallaka shi, kuma barazanar ba ƙirƙira ba ce: a Agustan 1962 an jefa masa bam a Kulungugu, ya ji rauni. Sai dai da kotu ta wanke tsofaffin ministocinsa Tawia Adamafio da Ako Adjei daga wannan zargi a Disambar 1963, ya sauke babban alƙali Arku Korsah, aka soke hukuncin, aka sake shari'a, aka yanke musu kisa, daga baya aka mayar da shi ɗauri.

Danquah, wanda ya kara da shi a zaɓen shugaban ƙasa na 1960 ya sha kaye, an tsare shi a 1961, aka sake shi, aka kuma kama shi a 1964. Ya rasu a gidan kason Nsawam ranar 4 ga Fabrairun 1965. A lokacin Ghana ta riga ta koma ƙasa mai jam'iyya ɗaya, kuma a zaɓen majalisa na 1965 'yan takarar CPP 198 duk sun wuce ba hamayya.

Bambancin da ke tsakanin 1951 da 1965 a fili yake. A farko an ɗaure mutum amma an bar sunansa a gaban masu zaɓe, sai ƙuri'a ta rinjayi hukuncin kotu. A ƙarshe ba shari'a, ba ɗan takara, don haka ba wata hanyar da jama'a za su bi su nuna sun gaji. Madatsar ruwa ta Akosombo, tashar jiragen ruwa ta Tema, ɗimbin makarantu da rawar da ya taka wajen kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1963 ba su cike wannan giɓi ba.

Ranar 24 ga Fabrairun 1966, yana kan hanyar zuwa Hanoi, sojoji da 'yan sanda suka kifar da gwamnatinsa, suka saki ɗaruruwan tsararru, suka cika ɗakunan da 'yan CPP, suka haramta jam'iyyar. Sékou Touré ya karɓe shi a Conakry, ya ba shi muƙamin girmamawa na abokin shugabanci. Ya rasu a Bucharest ranar 27 ga Afrilun 1972. A yau kabarinsa na Accra, ba nisa da James Fort.