James Connolly, jagoran ƴan ƙwadagon Ailan da sojojin Birtaniya suka harbe ɗaure a kujera

Da asubahin ranar 12 ga watan Mayu na shekara ta 1916, aka ɗauko wani fursuna mai shekaru 47 cikin motar asibiti zuwa gidan kason Kilmainham da ke birnin Dublin. Harsashi ya farfasa masa idon sawu, raunin ya fara ruɓewa, ba ya iya tsayuwa. Sai aka zaunar da shi kan kujera, aka ɗaure shi, sojoji suka buɗe masa wuta. Wannan mutum shi ne James Connolly, jagoran ƴan ƙwadago mai ra'ayin gurguzu, ɗaya daga cikin mutane 7 da suka sa hannu kan takardar shelar Jamhuriyar Ailan.

Ɗan baƙi a unguwar talakawa

Ba a Ailan aka haife shi ba. An haife shi ranar 5 ga watan Yuni na 1868 a Edinburgh, babban birnin Sikotlan, cikin unguwar Cowgate, inda ƴan ci-rani daga Ailan suka cunkushe har ana kiranta ƙaramar Ailan. Mahaifinsa yana tuƙa amalanken kwashe taki da shara na ma'aikatar magajin gari, mahaifiyarsa kuma ta yi aikatau a gidajen masu hali.

Wajen shekara 11 ya bar makaranta ya shiga neman na kai. Ya yi yaron maɗaba'a, ya yi aiki a gidan burodi. Yana da shekara 14 ya ƙara wa kansa shekaru ya shiga sojan Birtaniya, kuma cikin kakin soja ne ya fara taka ƙasar iyayensa. Ya yi kusan shekaru 7 yana ganin yadda ake mulkin Ailan da bakin bindiga, sannan ya gudu daga soja a 1889. Shekara guda bayan haka ya auri Lillie Reynolds, wata ƴar aikatau mabiyar ɗariƙar Furotesta, alhali shi ɗan Katolika ne.

Da ya koma Edinburgh ya gaji sana'ar mahaifinsa. Yayansa John ne ya ja shi cikin ƙungiyar ƴan gurguzu ta Sikotlan, kuma da aka kori John daga aiki saboda fafutukar rage awoyin aiki zuwa 8 a yini, James ya karɓi muƙamin sakatare. Karatun da bai samu a aji ba, da kansa ya neme shi a littattafai. Ya taɓa buɗe shagon gyaran takalma, amma bai daɗe ba ya rufe.

Tuta kaɗai ba ta ciyar da kowa

A 1896 wata ƙaramar ƙungiyar ƴan gurguzu ta Dublin ta ɗauke shi aiki kan fam 1 a mako, kuɗin da sau da yawa ba ya zuwa. A watan Mayu na wannan shekara ya kafa jam'iyyar gurguzu mai neman jamhuriya, ISRP, sannan a 1898 ya fara buga jaridar Workers' Republic. Jam'iyyar ba ta taɓa tara mutane da yawa ba, amma tunanin da ta zo da shi sabo ne.

A lokacin, ƴan kishin ƙasa na ganin a fara korar Turawan Ingila, maganar albashi da gidaje ta jira. Ƴan gurguzun Birtaniya kuma na ganin batun ƴancin Ailan ɓata lokaci ne. Connolly ya ƙi duka biyun. A ganinsa, idan sojojin Ingila suka tafi aka kafa koriyar tuta a fadar gwamnati, amma gonaki da bankuna da masana'antu suka zauna hannun masu su na da, to Ingila za ta ci gaba da juya ƙasar ta hanyar kuɗi, talaka kuma bai sauya komai ba sai uban gida. Ya kuma yi imani cewa ma'aikata ba za su ƙwaci kansu ba muddin ƙasarsu na ƙarƙashin mulkin mallaka. A 1897, ranar bikin cikar Sarauniya Victoria shekaru 60 a gadon sarauta, ya jagoranci zanga-zanga tare da Maud Gonne, aka jefa akwatin gawa mai ɗauke da sunan daular Birtaniya cikin kogin Liffey.

Shekaru 7 a Amurka

Talauci da rikicin cikin jam'iyya suka sa ya tafi Amurka a 1903. Sai a shekara mai zuwa ya iya turo wa iyalinsa kuɗin jirgi. Ana gobe za su tashi, wuta ta kama tufafin babbar ƴarsa Mona, mai shekaru 13, ta rasu. Bai samu labari ba sai da ya je tarbar su a New York.

A can ya yi aikin karɓar kuɗin inshora a garin Troy, ya yi aiki a masana'antar kekunan ɗinki ta Singer a New Jersey. Ya shiga ƙungiyar IWW, wadda ke neman haɗa dukkan ma'aikata cikin babbar sandika guda ba tare da duba sana'a ko launi ko asali ba. Ya koyi Italiyanci don ya yi magana da baƙin ma'aikata da harshensu, ya kuma kafa jaridar The Harp domin ƴan Ailan mazauna Amurka. Ya komo gida a 1910, shekarar da littafinsa Labour in Irish History ya fito, wanda ya ba da tarihin Ailan daga ɓangaren manoma da leburori maimakon sarakuna.

Belfast da rufe ƙofofin 1913

A 1911 ya zama wakilin sandikar ma'aikatan sufuri ta ITGWU a Belfast, ƙungiyar da James Larkin ya kafa a 1909. Ya shirya ƴan dako na tashar jiragen ruwa da matan masaƙu, a garin da gabar Katolika da Furotesta ta raba kan talakawa. A 1912, a taron sandikoki na Clonmel, shi ne ya gabatar da shawarar da ta haifi jam'iyyar Leba ta Ailan.

Dublin ta wancan zamani na cikin biranen da suka fi talauci a Turai. Iyalai kimanin dubu 20 ke zaune kowanne a ɗaki guda. A watan Agusta na 1913, attajiri William Martin Murphy, mai kamfanin taragon cikin gari da jaridar Irish Independent, ya fara korar duk wanda ke cikin ITGWU. Ranar 26 ga watan ma'aikatan taragon suka shiga yajin aiki. Masu kamfanoni kusan 400 suka haɗa kai, suka rufe wa ma'aikata kimanin dubu 20 ƙofa har sai sun sa hannu cewa sun bar sandikar. An kama Connolly, ya yi yajin cin abinci a kaso, aka sake shi bayan kusan mako guda.

Sandikokin Birtaniya sun turo jiragen ruwa cike da abinci, amma shugabanninsu sun ƙi kiran yajin aikin goyon baya. A farkon 1914 yunwa ta mayar da mutane bakin aiki. Abin da ya saura daga wannan gwagwarmaya shi ne Rundunar Ƴan Ƙasa ta Ailan, wadda aka kafa a watan Nuwamba na 1913 don kare masu yajin aiki daga kulken ƴan sanda. Mata na shiga cikinta daidai da maza, cikinsu har da Constance Markievicz da likita Kathleen Lynn.

Boren Ista

Da yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke a 1914, manyan jam'iyyun gurguzu na Turai suka mara wa gwamnatocinsu baya. Wannan ya yi wa Connolly ciwo, domin a idonsa talakawa ne ake turawa su kashe juna. Larkin ya tafi Amurka, ragamar sandikar da ta rundunar suka dawo hannunsa. A gaban cibiyarsu ta Liberty Hall aka rataya ƙyalle mai nuna cewa ba sa bauta wa sarkin Ingila ko na Jamus. Ya kuma yi gargaɗin cewa raba tsibirin gida biyu zai ƙarfafa masu ra'ayin riƙau a kudu da arewa.

A watan Janairu na 1916 ya haɗa kai da ƙungiyar asiri ta IRB, wadda ke shirya bore. Ranar Litinin ta Ista, 24 ga watan Afrilu, mutanensa kimanin 200 suka fito tare da sauran mayaƙan sa-kai, suka kama babban gidan waya, Patrick Pearse ya karanta shelar jamhuriya. A Liberty Hall aka buga takardar, kuma ta yi alkawarin haƙƙi ɗaya ga maza da mata, ta ce ƙasar mallakin jama'arta ce. Connolly ne kwamandan dakarun Dublin. Ranar Alhamis harsashi ya same shi a ƙafa, ya ci gaba da ba da umarni daga kan gado. Manyan bindigogin Birtaniya suka ragargaza tsakiyar birnin, ranar 29 ga wata ƴan boren suka miƙa wuya. Mutane kusan 485 suka mutu, fiye da rabinsu fararen hula.

Kotun soja ta yi masa shari'a yana kwance a gadon jinya. Kafin a kashe shi wani limamin Katolika ya yi masa addu'o'in ƙarshe. An binne shi a Arbour Hill tare da sauran jagorori, ba akwatin gawa.

Abin da ya bari

Da farko mutanen Dublin da yawa sun yi fushi da boren. Kisan jagororin ɗaya bayan ɗaya, musamman yadda aka yi wa Connolly, ya juya zukata. A zaɓen 1918 jam'iyyar Sinn Féin ta lashe kujeru 73 cikin 105 na Ailan, ita kuwa jam'iyyar Leba ta janye daga takara. A 1922 kudancin tsibirin ya samu gwamnatin kansa, arewa ta zauna cikin Birtaniya. Jamhuriyar ma'aikatan da ya yi fata ba ta samu ba, talauci kuma ya ci gaba da korar matasa zuwa Ingila da Amurka har tsawon shekaru da dama.

Har yau ana muhawara a kansa. Wasu ƴan gurguzu na cewa ya sadaukar da ƙungiyar ƙwadago don yaƙin ƴan kishin ƙasa, wasu na cewa hanyar da ya daɗe yana nunawa ce ya bi har ƙarshe. Jam'iyyar Leba da Sinn Féin da ƴan kwaminis kowa na cewa nasa ne. A 1966 aka sa sunansa ga ɗaya daga cikin manyan tashoshin jirgin ƙasa na Dublin, a 1996 kuma aka kafa mutum-mutuminsa daura da Liberty Hall, inda sandikar SIPTU, magajiyar ITGWU, take da cibiyarta.