Malama Elizabeth Choy ta Singafo

Mutanen Sakkwato da yawa sun ji labarin Japanawa daga bakin sojojinmu da suka gwabza da su a Bama. Yau muna so mu kawo wa masu karatu tarihin wata malamar makaranta, jinin Sinawa, wadda ta sha azaba a hannunsu.

An haifi Elizabeth Choy a Kudat, ƙasar Borniyo, cikin 1910. Ta tafi Singafo karatu, ta zama malama. Da Japanawa suka ci birnin cikin 1942, ita da mijinta suka riƙa sayar da abinci a wani asibiti, suna aika wa fursunonin Changi magani da kuɗi da wasiƙu a ɓoye.

Cikin 1943 aka nutsar da waɗansu jiragen Japan a tashar birnin. 'Yan sandan soja, waɗanda ake kira Kempeitai, suka kama su bisa zato. Ta yi wajen kwana 200 a tsare, ana dukanta, ana sa mata lantarki a gaban mijinta, amma ba ta tona asirin kowa ba.

Cikin Maris 1946 Ingilishi suka kai Kempeitai 21 gaban kotun soja, aka yanke wa 8 hukuncin kisa. Ita kuwa ba ta nemi fansa ba, domin a ganinta yaƙi ne ya lalata su.

Ta shiga Majalisar Dokoki cikin 1951, ta shugabanci makarantar makafi, ta rasu cikin 2006. Jama'a, sai wuya ta yi wuya ake sanin mai riƙon amana.