Abdurrahman ad-Dakhil, Wanda Ya Aza Harsashin Masallacin Ƙurɗuba

Mun ga ya dace a wannan rana mu kawo wa jama'a tarihin wani sarki da ya aza harsashin masallaci a ƙarshen rayuwarsa, bayan ya sha wahalar da ba kowa zai iya jure ta ba.

An haifi Abdurrahman ɗan Mu'awiya a ƙasar Sham a shekarar 731 Miladiyya. Jika ne ga Halifa Hisham ɗan Abdulmalik, na gidan Banu Umayya. A shekarar 750 Abbasiyawa suka kifar da daular kakanninsa, suka bi zuriyar gidan suna kashewa. Aka rutsa da shi a bakin kogin Furatu, shi da ƙanensa, suka faɗa ruwa. Mahaya suka yi musu alkawarin aminci. Yaron ya gaji da iyo, ya yarda, ya koma. Nan take aka yanka shi, wansa yana kallo daga ƙetare.

Shekara biyar yana ɓuya a Arewacin Afirka tare da baransa Badaru, har ya isa wurin dangin mahaifiyarsa, ƙabilar Nafza ta Barbar. A 755 ya haye teku ya shiga Andalus, wato ƙasar Sifen ta yau, kuma saboda wannan shiga ne ake masa laƙabi da ad-Dakhil. Shekara na zagayowa ya ci gwamna Yusufu al-Fihri da yaƙi, ya zauna a Ƙurɗuba. Bai kira kansa halifa ba, ya tsaya a kan sarautar amir, mu kuwa muna ganin wannan hangen nesa ne. Tawaye bai bar shi ya huta ba kusan shekara talatin. Har abokin gabansa, Halifa Mansur na Bagadaza, sai da ya kira shi Shahon Ƙuraishawa.

Sai wajen 785, ƙasa ta lafa, furfura ta kama shi, sannan ya fara ginin babban masallacin Juma'a. Ginshiƙan marmara da aka samu, na tsofaffin gine-ginen Rumawa da waɗanda suka gaje su, gajeru ne. Magina ba su yar da su ba. Suka ɗora bakan gizo bisa bakan gizo, jan bulo na bin farin dutse, har rufin ya yi tsawon da ake bukata.

Allah Ya yi masa rasuwa a 788, ɗansa Hisham ne ya ɗaga hasumiyar. Jikokinsa suka yi ta faɗaɗa masallacin, ɗaya daga cikinsu, Abdurrahman na Uku, ya ɗauki sunan halifa a 929. Daular ta watse a 1031. A 1236 Kiristocin Kastila suka ci birnin, suka mai da ginin coci. Ginshiƙan nan da bakan gizonsu suna nan tsaye har yau. Allah Ya ji ƙansa, amin.