Abdullahi Gais: Manomin Da Ya Fito A Matsayin Sayyidina Hamza

'Yar'uwa mai karatu, da wuya a ce azumi bai taɓa riskarki kina zaune da yara kuna kallon fim ɗin Arrisala ba. In haka ne, kin san fuskar mutumin nan mai kwarjini da kakkausar murya wanda ya fito a matsayin Sayyidina Hamza, baffan Manzon Allah (SAW). Yara da yawa idan an ambaci Hamza fuskarsa ce ke zuwa musu a rai, amma ƙalilan ne suka san sunansa. To, sunansa Abdullahi Gais, mutumin ƙasar Masar ne.

An haife shi a shekarar 1930 a wani ƙauye mai suna Shalshalamun da ke lardin Sharƙiyya. Yana jariri mahaifinsa ya rasu, ya tashi maraya, ƙuruciyarsa kuma ta fi karkata ga noma da zaman karkara. Yayansa Hamdi Gais, wanda aka haifa a 1924, shi ya fara shiga harkar wasan kwaikwayo, har ya je Faransa ƙaro ilimi. Ta dalilinsa ne Abdullahi ya kamu da son sana'ar, ya shiga babbar makarantar koyon wasan kwaikwayo ta Alƙahira, ya kammala a 1955.

Bai yi suna dare ɗaya ba, uwargida. Ya yi shekaru yana wasan dandamali, inda babu yanke-yanke balle a maimaita, sai dai mutum ya haddace maganarsa ya faɗe ta daidai a gaban jama'a. A nan harshensa ya goge da Larabcin fusaha. Da aka buɗe talabijin a Masar a 1960, yana cikin waɗanda suka fara fitowa a shirye-shirye masu dogon zango. A 1965 ya fito a fim ɗin Alharam tare da Fatin Hamama. Zaman ƙauyen da wani zai raina shi ya zame masa jari, don idan ya fito a matsayin baƙauye ba ya bukatar a koya masa tafiya ko magana.

Sai da ya haura shekara 40 sannan babban aikinsa ya zo. Mustapha Akkad, ɗan ƙasar Siriya, ya shirya Arrisala a Maroko da Libiya, ya fito a 1976. Kashi biyu aka yi shi, na Larabci da na Turanci, kowanne da 'yan wasansa. Anthony Quinn ne Hamza a na Turanci, Abdullahi kuma a na Larabci. Da yake ba a nuna Manzon Allah (SAW) ba, ba a kuma ji muryarsa ba, nauyin fim ɗin kusan duk a wuyan mai fitowa a Hamza ya rataya. Da ya yi sakaci, da ya zubar da ƙimar babban sahabi a idon miliyoyin masu kallo. Sai ya riƙe matsayin da natsuwa, babu ihu babu rawar kai.

Wani abin da zai ba ki mamaki, wanda ya fito a matsayin Abu Sufyan, jagoran Ƙuraishawa a yaƙin Uhudu, ai Hamdi ne, yayan nasa. A fim suna fuskantar juna a fagen daga, a gida kuwa ɗaya ne ya riƙo hannun ɗaya.

A ƙarshen rayuwarsa ya fito a shirin talabijin na Almal Wal Banun a matsayin Abbas Addau, uba mai gudun dukiyar haram. Ciwon daji ya kama shi, ya rasu ran 13 ga Maris, 1993 yana da shekara 63. Yayan nasa Hamdi shi ma ya rasu a 2006.

Don haka 'yar'uwa, idan azumi ya zagayo kuka zauna kallo, ki gaya wa yaranki cewa wannan ɗan wasa ne, Hamza na gaskiya yana cikin littattafan sira, ki buɗe musu su karanta. Ki kuma nuna wa babban cikinsu abin da yaya ya yi wa ƙanensa maraya. Allah Ya jiƙansu da rahama, amin.