George Heye: attajirin da ya kwashe kayan 'yan asalin Amurka zuwa New York

Duk wanda ya shiga gidan tarihin 'yan asalin Amurka da ke ƙasan Manhattan, a tsohon ofishin kwastan na birnin New York, zai ga sunan George Gustav Heye. Mafi yawan kayan da ke hannun gidan shi ya tara su, kuma adadinsu ya kai wajen 800,000. A cikinsu akwai jakunkunan fata na ƙabilar Sioux, waɗanda mata suka ɗinka amma galibi ba a rubuta sunayensu ba.

An haife shi a New York a shekarar 1874. Mahaifinsa Bajamushe ne da ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya yi arziki a harkar man fetur. Heye ya kammala karatun injiniyan lantarki a Columbia a 1896. Shekara ɗaya bayan haka aiki ya kai shi Kingman a Arizona, wurin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Wata rana ya tarar da matar shugaban leburorinsa, 'yar ƙabilar Navajo, tana tauna ɗinkin rigar mijinta ta fatar barewa don ta kashe ƙwarƙwata. Ya saye rigar. To daga nan fa ciwon ya kama shi, bai kuma sake shi ba har shekara 60.

Ya ɗan taɓa aikin banki daga 1901 zuwa 1909, sannan ya watsar, ya koma sayen kaya gadan-gadan. Ƙato ne, mai son sigari da manyan motoci. Yakan ratsa ƙasar da mota, ya tsaya a ƙauyuka da shagunan 'yan tireda, ya saye abin da ya samu, tsoho da sabo, mai kyau da wanda ya ji jiki. Ya kuma ɗauki ma'aikata ya baza su, daga yankin ƙanƙara na arewa har ƙarshen Kudancin Amurka. A 1916 ya kafa gidan tarihinsa a kan titin Broadway, a filin da attajiri Archer Huntington ya bayar, aka buɗe wa jama'a a 1922. Da kaya suka fi ƙarfin ginin, sai aka gina wani ma'ajin a Bronx.

Bari mu tsaya kan jakunkunan, domin su ne suka fi nuna yadda cinikin ya kasance. Mutanen da Turawa ke kira Sioux, su kan kira kansu Lakota da Dakota, makiyayan dawaki ne masu bin garken ɓauna a filayen da yanzu suka zama jihohin Dakota ta Arewa da ta Kudu. Mai yawan tashi kuwa ba ya ajiye akwati, jaka ce adakarsa. Mata ke jeme fatar. Inda majemanmu ke amfani da bagaruwa, su da ƙwaƙwalwar dabbar suke murza ta har ta yi laushi kamar yadi. Manyan jakunkunan zuba tufafi bibbiyu ake yin su, a rataya a gefen sirdi in za a tashi, a jera su cikin tanti in an sauka. Akwai kuma doguwar jakar lofe da taba, wadda ke da daraja a wajen addu'o'insu.

Da can da ƙayar beguwa da aka rina ake yi musu ado. Da fatake suka kawo 'yan mitsi-mitsin duwatsun gilashi daga Venice ta Italiya da Bohemiya, sai mata suka koma kansu. Mace za ta huda fata da basilla, ta zira duwatsu kaɗan a zaren jijiya, ta ɗaure, ta sake zirawa, layi bayan layi, har ado ya fito kamar kunya-kunyar gona. A gefe ta saƙala 'yan ƙoƙunan gwangwani da gashin doki ja. Turawa suka laƙaba wa wannan ɗinki sunan ɗinkin malalata. Wanda ya raɗa sunan nan, na tabbata bai taɓa zama ya cika ko tafin hannu ɗaya ba.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne lokacin. Zuwa farkon shekarun 1880 an kusa ƙarar da ɓauna. An tsare mutanen a keɓaɓɓun yankuna, suna jiran rabon abinci daga gwamnati. A 1883 hukuma ta haramta manyan bukukuwansu na addini. A Disambar 1890 sojoji suka kashe Lakota fiye da 200 a Wounded Knee, da yawansu mata da yara. A cikin wannan ƙunci aikin duwatsun ya fi bunƙasa, a cikinsa kuma masu saye irin su Heye suka iso da kuɗi a hannu. Gaskiya ne an biya. Amma uwar da ta sayar da jakar gado don yaranta su ci abinci, ni dai ban iya kiran wannan ciniki tsakanin tsara da tsara ba. Heye da mutanen zamaninsa sun ɗauka ƙabilun nan ƙarewa za su yi, don haka kayan suka fi damunsu a kan masu kayan. Da hannunsa yake rubuta katin kowane abu, amma sau da yawa sunan ƙabila da na wuri kaɗai za ka gani.

Bai tsaya kan kayan masu rai ba. A 1914 ya tono maƙabartar mutanen Munsee a New Jersey, aka gurfanar da shi a kotu, aka ci shi tara, ya ɗaukaka ƙara ya yi nasara. Ya ci gaba da tono.

A 1928 manyan masu ba shi tallafi biyu, James Ford da Harmon Hendricks, suka mutu kusan a tare, ya sallami yawancin masanan da ke masa aiki. A 1938 ya yi abin da ba a saba gani daga gare shi ba: ya mayar wa ƙabilar Hidatsa wani ƙunshi mai tsarki da suke dangantawa da ruwan sama, bayan fari ya addabe su. Ko shi ma sai da suka ba shi wani ƙahon ɓauna a madadinsa.

Ya mutu a Janairun 1957. Gidan ya yi ta fama da rashin kuɗi har 1989, lokacin da majalisar dokokin Amurka ta miƙa kayan ga cibiyar Smithsonian, tare da sharaɗin a mayar wa ƙabilu ƙasusuwan kakanninsu da kayan da aka binne su da su. Reshen New York mai sunansa ya buɗe a 1994, babban gidan na Washington kuma a 2004. Yawancin jakunkunan suna ma'ajin Suitland a jihar Maryland, inda jikokin waɗanda suka ɗinka su ke zuwa su duba aikin kakanninsu.